ALKAWARIN DA MUKA YI RAN LARABAR TOKA



Kowace shekara ran Larabar Toka majami'unmu sukan cika maƙil. Mukan karɓi toka a goshi, mu ƙudura a zuci cewa bana kam za mu sake hali. Amma kafin Lahadi ta uku ta lokacin Azumi, da yawa a cikinmu mun manta da abin da muka alkawarta wa Allah. Sau da yawa alkawarin ne ya yi faɗi ainun. Wanda ya ce zai zama mutumin kirki, ai bai faɗi abin da zai yi gobe da safe ba.

A cikin Luka 14:28-30 Ubangijinmu ya ba da misalin mai niyyar gina hasumiya. Wajibi ne ya zauna tukuna ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa, masu wucewa su yi masa ba'a. Mun san irin wannan gini a garuruwanmu: bango ya kai taga, ciyawa ta tsiro a tsakar ɗaki.

Waliyi Ignatius na Loyola ya bar mana dabara a littafinsa na horon ruhu, wanda Paparoma Paul na III ya amince da shi a 1548. Mutum ya zaɓi laifi guda ɗaya tak. Da ya tashi daga barci, ya ƙudura zai kauce masa. Bayan abincin rana ya binciki kansa, ya sa ɗigo a takarda domin kowane tuntuɓe. Bayan abincin dare ya sāke. Sa'an nan ya gwada yau da jiya, wannan mako da na baya. A ganinmu, wanda bai iya rubutu ba, tsakuwa a aljihu ta ishe shi.

Saboda haka bari kowannenmu ya kira abin da sunansa. Ko burukutun ran kasuwa ne, ko tsegumi bayan taron Zumunta, ko ɗan'uwan da muka daina gaisawa da shi saboda iyakar gona. Mu faɗa wa miji ko mata ko katakis, domin a sami mai tambayarmu. Wanda ya fāɗi a mako na biyu, kada kunya ta sa ya jira baɗi. Ya zo wurin Fada ya furta zunubinsa, kashegari da asuba ya sāke ɗaukar takardarsa.