Ciwon Gado: Laifin Wa?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda ƙugiya guda take canza magana. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. To, a jikin kowane mutum akwai wani rubutu da ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ke gaya wa jiki aikinsa. Wani lokaci harafi guda yakan goce.

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, ana ce musu nitirofil. Ɓargon ƙashi ke yin su. In rubutunsu ya goce, sai a haifi yaro da ƙarancinsu. Kullum zazzaɓi, gyambon baki, maruru, ciwon huhu.

A 1956 wani likita, Rolf Kostmann, ya bayyana wannan ciwo cikin wata zuriya a arewacin Suwidin. Jarirai da yawa sun mutu. Sai a 2007 aka gano inda kuskuren yake, aka ce masa HAX1. Wannan ba ya kama yaro sai ya gada daga uwa da uba duka, su kuwa lafiyarsu lau. A 1999 an gano wani, ELANE. Shi daga ɓangare guda ma ya isa, wani lokaci kuma a jikin yaron yake farawa.

Nauyin ciwon ba ɗaya ba ne. Wani ƙwayoyinsa sukan ragu bayan kamar kwana 21, su komo. Wani ba sa tashi ko kaɗan. Har a gida guda, da kuskure iri guda, wa yakan sha wuya fiye da ƙane.

Yanzu ga tambayarmu. In yaro ya cika ciwo, wa ake zargi? Uwa. A ce nononta ne, ko danginta. Wata har a sake ta. Amma ka duba da kyau. Laifi sai da niyya ko sakaci. Wa ya zaɓi rubutun da ya gada? Wa ya zaɓi wanda zai ba ɗansa? In ciwon na ɓangare biyu ne, rabon uba daidai yake da na uwa.

Za ka ce: in babu mai laifi, sai mu zuba ido? A'a. Abin da ba mu zaɓa ba, ba a tambayarmu. Abin da muka sani muka ƙyale, shi ne namu. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai allura, G-CSF, mai sa ɓargo ya ƙara ƙwayoyin, kuma yara da yawa sun girma da ita. Irin wannan yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Dangin da suka sha rasa jarirai su nemi shawarar likita kafin auren zumunci.

Ka karanta wa mutanen gidanka wannan, ku tattauna. Allah shi ba mu lafiya.