Iyaka Ba Tare da Katanga Ba

 

Tun daga ƙarshen shekarar 2022 cutar mashaƙo ta addabi ƙasar nan, jihar Kano kuma ita ta fi ɗanɗana kuɗarta. Iyaye a Ƙaraye da Rogo sun ji kiran a kai yara rigakafi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ƙwayar da ake gudu. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya shafa ta a gilashi, ya rina ta da rinin Albert, ya leƙa ta madubin ƙara girma, sai ya ga 'yan sanduna kore-kore, a bakin kowace akwai ɗigo mai duhu. Victor Babes na Romaniya da Paul Ernst sun siffanta ɗigon nan tun ƙarshen ƙarni na 19. Rumbu ne na sinadarin fosfet, ƙwayar tana tara shi saboda ranar yunwa.

Sai mai hankali ya tambaya: me ya tattara shi wuri guda? An daɗe ana karantar da ɗalibai cewa ƙwayar bakteriya jaka ce kawai, komai a cakuɗe, domin ba ta da ɗakuna masu tantani irin na ƙwayoyin jikin mutum. Wannan gajerta ce ta ganinmu, ba naƙasa ba ce a halittar.

Dubi Bafillatana tana kaɗa kindirmo a gora. Ba ta sa wani shamaki a ciki ba, amma sai mai ya nemi ɗan'uwansa, ya dunƙule, ya ware daga tsala. Haka wasu furotin suke yi a cikin ƙwaya: suna da sassa masu sassauci da ke kama juna su saki, idan yawansu ya kai wani mizani sai su ware su zama ɗigo. Abu yana shiga yana fita, ɗigo biyu su haɗu su zama ɗaya, in buƙata ta wuce ya narke. A 2009 Clifford Brangwynne da Anthony Hyman suka nuna haka a Dresden, cikin ƙwan wata 'yar tsutsa. A 2018 aka gano irinsa a Caulobacter, bakteriyar ruwan tafki da rafi, inda ɗigon yake rushe saƙonnin RNA da suka gama aiki. A 2020 kuma masana a jami'ar McGill ta Kanada suka ga injin kwafar saƙon gado yana taruwa haka a E. coli, halittar da tsawonta bai wuce kashi 2 cikin dubu na milimita ba. Tsarki ya tabbata ga Mai tsara wannan!

Abin da ya fi taɓa ni shi ne alaƙarsa da jinya. Masana a jami'ar Peking ta Sin sun nuna cewa idan makamashin ƙwaya ya yi ƙasa, furotin ɗinta sukan dunƙule, ta kwanta barci mai nauyi. Yawancin magungunan kashe bakteriya kuwa mai aiki suke kamawa, sai su wuce mai barci. Bayan an daina shan magani dunƙulen ya narke, ƙwayar ta farka ta ci gaba da hayayyafa, ciwon da aka zaci ya tafi ya dawo wa majinyaci.