Haƙƙin Mata: Alfarma Ce, Ko Bashi Ne A Wuyan Maza?

 Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayarmu ta wannan mako ita ce: namijin da ya tsaya wa mace ta sami haƙƙinta, alfarma ya yi mata, ko kuwa bashi ya biya?

Da yawa cikinmu mun ɗauke shi alfarma, har mu na jiran godiya. Amma aya ta 71 ta Suratut Tauba ta nuna cewa muminai maza da mata majiɓinta juna ne, aya ta 135 ta Suratun Nisa'i kuwa ta umurce mu da tsayar da adalci ko da a kan kawunanmu ne. Abin da aka wajabta ba ya zama kyauta. Saboda haka ba a gane mai taimakon mata a wajen taro ko wa'azi, sai a inda taimakon zai rage masa wani abu daga aljihunsa. Babu kuwa inda wannan ya fi fitowa fili kamar rabon gado.

Mu dubi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a nan Kano. Wuraren da dā gonaki ne a bayan gari yanzu sun zama tsakiyar birni, gidaje da shaguna sun cika gefen Titin Zariya, filin da kaka ya noma gero a kai ya koma dukiya mai tsoka. To, a nan ne Shaiɗan ya ke samun ƙofa. Mai gida ya rasu, 'ya'ya maza su ce ba za a raba gida ba don kada zumunci ya watse, alhali kuwa su ke zaune a ciki, su ke karɓar kuɗin hayar shaguna, 'yar'uwarsu ta na gidan miji ba ta ganin ko kwabo.

Ga lissafin da shari'a ta yanke. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata 1, da 'ya'ya maza 2, da 'ya'ya mata 2, iyayensa ba su da rai. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, sai a kasa dukiyar kashi 48. Matarsa ta na da tumuni, watau kashi 6. Kowane ɗa ya na da 14, kowace 'ya ta na da 7. Rabon mata a wannan gida ya tashi 20 cikin 48 ke nan. Wannan hukunci ya na cikin aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i, aya ta 7 kuma ta tabbatar da rabon mace ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa. Duk almajirin da ya sauke Risala a zaure ya karanta babin gado, don haka ba rashin sani ke damunmu ba, son zuciya ne.

Wani zai ce, ai in aka ba mace sai dukiyar ta koma gidan wani. Amsa ita ce, dukiyar mace tata ce, mijinta ba shi da iko da ita sai da yardarta. Wani kuma ya ce, ai ita ta yafe da bakinta. To, yaya aka yi ta yafe? An nuna mata yawan rabonta kafin nan? Ko dai an tara dattawa ne aka sa ta a tsakiya, kunya ta ɗaure mata harshe? Malamai sun yi bayani cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Sa'an nan ninkin da aka ba namiji ya zo ne tare da nauyin ciyarwa. Wanda ya karɓi ninki, ya haɗa da rabon ƙanwarsa, kuma ya ƙi kula da ita ran da aka sako ta, ya ci zalunci hawa biyu.

Kada a zaci wannan magana baƙuwa ce daga Turai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya fara gyara daga gidansa, shi ya sa aka sami Nana Asma'u, wadda ta kafa 'Yan Taru, ta rasu a 1864. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan Kano, ya yi rubuce-rubuce a jarida a kan matsayin mace a Musulunci, ya sha suka. Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin koyarwa da ke Titin Zariya ke ɗauke da sunansa, ya daɗe ya na neman a ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, Allah Ya nuna masa sun yi zaɓen 1979 kafin rasuwarsa a 1983. Waɗannan bayin Allah ba su jira mata sun kai ƙara ba, su suka fara faɗa wa 'yan'uwansu maza gaskiya.

Wannan shi ne aikin da ya rage mana. Mace ta kan ji nauyin kai wanta kotu, amma ƙane zai iya cewa yaya a ji tsoron Allah. Liman ya tambayi magada ko an raba, mai unguwa ya ƙi sa hannu a cinikin gidan gado sai ya ji daga bakin mata, uba kuma ya sa 'yarsa makaranta don ta san lissafin haƙƙinta.

Ya ɗan'uwa, kafin ka yi barci yau ka binciki kanka: akwai kason wata a cikin ɗakin da ka ke kwana? In akwai, mayar tun ana biya da naira, kafin ranar da za a biya da lada. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.