Dodon da ke ƙarƙashin gida: tsakanin haƙuri da danne baƙin ciki

A gidan makoki babu kalmar da ta kai "haƙuri" yawo a bakin mutane. Mai shigowa ya ce da wanda aka yi wa rashi ya yi haƙuri, mai fita ma haka, har a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Na daɗe ina tambayar kaina abin da muke nufi da wannan kalma. Shin muna roƙon mutum ya jure abin da ya same shi ne, ko kuwa muna roƙonsa ya yi shiru domin mu samu mu huta? Wani fim na ban tsoro daga ƙasar Ostiraliya ne ya sa na sake duban wannan tambaya da kyau, a kansa kuma zan ɗora wannan tattaunawa.

Sunan fim ɗin The Babadook. Wata mata mai suna Jennifer Kent ce ta rubuta shi ta kuma ba da umarni, an ɗauke shi a birnin Adelaide, ya fito a shekarar 2014. Labarin wata bazawara ce, Amelia, mai aikin kula da tsofaffi, da ɗanta Samuel ɗan shekara shida. Mijinta Oskar ya rasu a haɗarin mota yana kan hanyar kai ta asibiti haihuwa. Ke nan ranar da ta samu ɗa ita ce ranar da ta rasa miji. Tun daga nan ta kulle kayan mamacin a ɗakin ƙarƙashin gida, ba ta son a ambaci sunansa, ba ta kuma taɓa yi wa yaron bikin zagayowar ranar haihuwarsa a ainihin ranar ba. Kullum takan haɗa nasa da na ƴar ƴar'uwarta.

Wani dare yaron ya ɗauko wani jan littafi da ba wanda ya san yadda ya shigo gidan, irin wanda hotunansa ke miƙewa in an buɗe shafi. A ciki akwai dodo mai doguwar hula baƙa da dogayen farata. Uwar ta yayyaga littafin ta zubar, ya dawo bakin ƙofa a liƙe, da sababbin hotuna na mace tana kashe karenta da ɗanta. Ta ƙone shi. Duk da haka dodon bai fasa zuwa ba: barci ya ƙaurace mata, tana jin ƙwanƙwasa, tana ganin inuwa, har ya kai ga ta kashe karen gidan da hannunta, ta juyo kan yaron.

Mai kallo zai so a faɗa masa gaskiyar magana: dodon nan yana nan da gaske, ko kuwa hankalin matar ne ya taɓu? Fim ɗin ya ƙi yanke hukunci, kuma a ganina ya yi daidai. Ko aljani ne ko ciwon rai ne, ƙofar da ya shigo ɗaya ce, wato shekara kusan bakwai na shiru. Littafin da kansa ya gargaɗe ta cewa gwargwadon yadda take musun dodon, gwargwadon yadda yake ƙara ƙarfi. Abin da take musu kuwa ya wuce mutuwar miji. Akwai wata magana a cikinta da babu uwar da za ta yarda ta furta: wani sashe na zuciyarta yana jin haushin yaron, domin shi ya rayu, wanda take ƙauna ya mutu. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da in ya daɗe a ciki sai ya ruɓe, warinsa kuma mutanen gida ke fara shaƙa, musamman mafi rauni a cikinsu.

A nan ne nake ganin ya kamata mu raba abu biyu da muka saba haɗawa. Mai haƙuri ya san abin da ya rasa, yana iya kiran sunansa, yana iya zubar da hawaye, sa'annan ya tashi ya ɗora tukunya. Mai danne baƙin ciki kuwa ya rufe ƙofa ne ya jingina da ita, duk ƙarfinsa ya ƙare wajen tare ta, babu sauran abin da zai ba mai rai. A ido su biyun sun yi kama, domin dukansu ba sa kururuwa. Bambancin yana fitowa ne daga yadda suke da na kusa da su. Addininmu ma bai ce haƙuri shi ne bushewar ido ba. Annabi Yakubu, wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa, ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kukan kururuwa da furta abin da ke nuna rashin yarda da ƙaddara.

Yadda fim ɗin ya ƙare shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A yawancin finafinan ban tsoro, kamar yadda yake a tatsuniyoyinmu, ƙarshen dodo shi ne a kashe shi ko a kore shi. A nan ba a yi ko ɗaya ba. Yaron ya ɗaure uwarsa a ɗakin ƙarƙashin gida, tana shaƙe shi yana shafa mata kumatu, har ta amayar da wani baƙin abu. Daga baya ta tsaya gaban dodon, ta sake ganin mutuwar mijinta ido da ido, ta daka masa tsawa cewa gidan nata ne, ba zai taɓa mata ɗa ba. Sai ya ja da baya ya shige ɗakin ƙarƙashin gida. Can ya zauna. Uwa da ɗa sukan tono tana a lambu, ta kai masa a kwano, in ya taso mata ta lallashe shi, ta fito ta kulle. A ranar da muka ga haka, ana shirin bikin cikar yaron shekara bakwai, karo na farko a ainihin ranarsa.

Wani zai ce, ai wannan ciyar da cuta ne. Ashe ba warkewa ake nema ba? Wannan ƙorafi yana da tushe. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud, a wata maƙala da ya wallafa a 1917 kan makoki da ciwon damuwa, ya ɗauki makoki a matsayin aiki mai ƙarewa: a hankali zuciya takan kwance igiyoyin da suka ɗaure ta da mamaci, ta samu ƴanci. Amma a 1920 ƴarsa Sophie ta rasu, kuma a wata wasiƙa da ya rubuta wa wani abokinsa a 1929 ya yarda cewa zafin yakan lafa, amma gurbin ba ya cikuwa. Mu da muke koyar da Faransanci mun san labarin Victor Hugo. Ƴarsa Léopoldine ta nutse a kogin Seine a Villequier a 1843. Shekara goma bayan haka, yana gudun hijira a tsibirin Jersey, ya shiga zaman kiran ruhohi da tebur yana neman jin muryarta, sa'annan a 1856 ya fito da Les Contemplations, inda ya ba baƙin cikinsa mazauni a cikin waƙa. Kiran ruhohi ƙoƙari ne na dawo da wadda ta tafi. Waƙa kuwa yarda ce cewa ta tafi, tare da ware mata wuri. Amelia ma an jarrabe ta da irin wannan: dodon ya zo mata da fuskar Oskar, yana neman ta kawo masa yaron domin su sake haɗuwa. Tsirarta ta fara ne lokacin da ta ƙi sayen matacce da mai rai.

Saboda haka ciyar da dodon, a fahimtata, yana nufin a san yana nan, a ba shi ɗaki da lokaci da ma'auni, kada ya mallake gidan gaba ɗaya. Al'adarmu ta san wannan hikima. Takaba tana da iyaka, wata huɗu da kwana goma. Muna mayar wa jariri sunan kakansa. Yaron da ya rasa mahaifi yana jinjiri akan kira shi Talle, wato rashin yana cikin sunansa, ba a ɓoye shi ba. Duk waɗannan ɗakuna ne da magabata suka gina wa baƙin ciki. Inda muke gazawa shi ne bayan cikar kwanakin, lokacin da muke ɗauka cewa tunda al'ada ta gama nata, zuciya ma ta gama.

Fim ɗin bai bar jama'a ba tare da tuhuma ba. Ƴar'uwar Amelia ta gaji da ita, ta ce lokaci ya yi da za ta wuce wurin. Makaranta ta ga yaro mai ƙera makamai na wasa yana maganar dodo, sai ta nemi a sa masa mai tsaro. Ƴan sanda sun yi mata kallon mai taɓin hankali. Likita ya rubuta maganin barci. Kowa so yake hayaniyar ta lafa. Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya dace, wata tsohuwa maƙwabciya mai ciwon karkarwa, wadda ta zo bakin ƙofa da dare ta nuna ta san wannan lokaci na shekara yana yi wa Amelia nauyi, ta kuma ce tana ƙaunarsu.

Wannan sashe ya taɓa ni a matsayina na malami. Wata shekara ina da ɗalibi da ya rasa mahaifinsa a lokacin hutu. Muka je muka yi ta'aziyya, muka ce ya yi haƙuri. Da aka koma aji sai ya zama mai faɗa da rashin kunya, na hukunta shi sau da yawa, ina ganin na sauke nauyi. Ban taɓa tambayarsa ko wane irin mutum ne mahaifin nasa ba. Sai ranar da na ba da aikin rubutu kan wani da ba za a manta da shi ba, ya cika shafi huɗu, shi da ba ya cika rabin shafi. Ina karantawa na gane cewa wata shida yaron yana ƙwanƙwasa ƙofa, ni kuwa ina hukunta shi saboda ƙarar.

Ba na cewa baƙin ciki yana wanke mutum daga laifi. Amelia ta zagi ɗanta, ta nemi ransa, kuma fim ɗin bai nemi mu ce dodo ne ya yi, ita ba ruwanta. Ita ce ta tashi ta fuskance shi, domin nauyin nata ne. Amma nauyin da ke kanmu, mu maƙwabta da malamai da dangi, shi ne kada mu mayar da kalmar haƙuri murfin tukunya. In mun faɗe ta ranar makoki, mu koma bayan wata uku, mu ambaci sunan mamacin, mu zauna mu saurara, ko da abin da za mu ji ba mai daɗi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna wa wanda ya tsaya a zaure yana sauri ba.