Ilimi Ma Yana Kukan Gidansu?

Kwanakin baya ina zaune a shagon wani dattijo mai goro a nan Sabo, sai ga wata Bayarabiya ta zo sayen ƙwarya uku da rabi. Ta taya da harshenta, tsohon ya haɗa kuɗin da ka, ya faɗa mata. Jikansa ɗan sakandare ya ciro waya yana danne-danne, kafin ya gama har an ɗaure goro a ganye. Da ta tafi sai yaron ya ce, "Kaka, ai wannan naku ba lissafi ba ne, sabo ne kawai." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "To ai a Sabo muke."

An yi dariya an watse, amma ni maganar ta ƙi barina. Shin ilimi ɗaya ne a duk duniya, ko kuwa shi ma kamar tsuntsu ne, kukan gidansu yake yi? Amsar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu suna tashi tsakanin allo, boko da harshen maƙwabta, kuma da yawansu sun fara ɗauka cewa abin da ba a rubuta da Turanci ba, bai kai a kira shi ilimi ba.

Mu fara da lissafin da yaron ya raina. Bayarabe yana ƙirga da ashirin-ashirin, yana kuma ragewa. Hamsin a wurinsa sittin ce babu goma, 45 kuwa hamsin ce babu biyar. Ka ga kafin ya furta lamba ɗaya ya riga ya ninka, ya ɗebe sau biyu. Mu ma muna da irin wannan, tunda muna cewa ashirin ba ɗaya. Ashirin ɗin kanta, da talatin da arba'in, daga Larabci muka aro su; kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa. Lambobin da ke cikin wayar yaron kuwa asalinsu Indiya, suka bi ta hannun malaman Bagadaza irin su Alkhawarizmi kafin su isa Turai. Kai, a 1732 wani malami Bakatsine, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake tsara hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda ta ko'ina ka haɗa jimla ɗaya za ka samu. A Alkahira ya rasu a 1741. Shi asirin haruffa da lambobi yake nema, masana lissafi na yau kuma ƙa'idojin da ya bi suke dubawa.

Haka abin yake a likitanci. Sunan da Turawa suka ba zazzaɓin cizon sauro daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa muguwar iska, don sun daɗe suna zaton warin fadama ke kawo shi. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Maganin da ake ba mu yau a asibiti kuwa, wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ce ta tace sinadarinsa daga wani ganye dangin tazargade, bayan ta koma ga tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Da ta raina na gida kamar yadda yaronmu ya yi, da wa ya san rayuka nawa za a rasa?

Mu kanmu an taɓa yin nazarinmu. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Ya ce rungumar ɗarikar Tijjaniyya da iyayenmu suka yi ta taimaka musu wajen haɗa kai da riƙe fataucin shanu da goro. Da ka tambayi tsofaffin, cewa za su yi don Allah suka karɓi wuridi. Zaman wazifa ɗaya suka kalla. Shi an hore shi ya nemi kasuwa da siyasa a bayan kowace al'ada, su kuma an tarbiyyantar da su su fara duba niyya. Kowa ya ga abin da gidansu ya koya masa nema.

To, wani zai ce, ke nan babu gaskiya, kowa da tasa? A'a, a nan ne ake zamewa. Ko da wane harshe ka ƙirga, goro 45 ba zai zama 46 ba. Sauro kuma ba ya tambayar ƙabila. Al'ada tana zaɓar wa mutum tambayar da zai yi, ta ba shi kalmomin da zai yi tunani da su, ta nuna masa wanda zai yarda da maganarsa. Amma ba ta da ikon sauya amsar. Wani lokaci ma takan rufe ido. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura masu jego da yawa suna kamuwa da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Iyayenmu mata sanyi suke kora, da kyakkyawar niyya. Niyyar ba ta hana kanwa tara wa jiki ruwa ba. Wanda ya ce kada a taɓa wannan don gado ne, 'yarsa yake cuta.

Saboda haka nauyi biyu ne a kanmu. Ɗan boko ya sani littafinsa ma yana da gidan uba, ba daga sama ya faɗo ba, don haka ya rage girman kai a gaban dillalin da ke kallon sa sau ɗaya ya faɗi yawan naman da zai bayar. Dattijo kuma ya yarda a ɗora saninsa a kan sikeli. Idan ya yi daidai darajarsa ta ƙaru, idan ya kauce an gyara, babu abin kunya.

Mu mazauna Kudu Allah ya ba mu wata dama da ba kowa ke da ita ba. Yaron da ke ƙirga da Hausa a gida, da Yarabanci a kasuwa, da Larabci a makarantar allo, da Turanci a aji, ya fi kowa cancantar gane cewa hanya zuwa amsa ba ɗaya ba ce. Sharaɗin kawai kada mu bar shi ya ji kunyar uku daga cikin huɗun.

Jiya na sake bi ta shagon. Na tarar da yaron tsugune yana ware fari da ja, tsohon yana koya masa gane goron da ƙwaro ya shiga tun ba a fasa ba. Na ce masa, "Wannan fa, sabo ne ko ilimi?" Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Baba, a bar tone-tone." Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, amin.