Duwatsun Murhu Uku: Ƙasa, Aiki da Jari



Kowace uwargida ta san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku. Haka noma yake: sai da ƙasa, da aiki, da jari. Ƙasa baiwar Allah ce. Aiki shi ne gumin maigida da 'ya'yansa a gandu, da na maƙwabta ranar gayya. Jari kuwa shi ne iri, da taki, da garma, da shanun huɗa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birninta, fili ya yi daraja a kewayen garin. Sai jaraba ta zo: mutum ya rasa kuɗin taki, ya sayar da gonar gado domin ya sami jari. Ya cire dutse ɗaya daga murhu ke nan. Kuɗi su ƙare, ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani, 'ya'yansa su tafi cin rani Kano. Ku tuna da Nabot cikin 1 Sarakuna 21, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar kakanninsa, ko da yake an yi masa tayin kuɗi.

Ga kuma gargaɗi ga masu hannu da shuni. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, gero kuwa bai nuna ba, wani yakan ba ɗan'uwansa bashin tiya ɗaya domin ya karɓi biyu da kaka. Wannan cin gumin talaka ne. A wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan'adam, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa aiki yana gaba da jari, gama jari kayan aiki ne, mai aikin kuwa mutum ne.

To, me za mu yi? Da kaka, kada mu kwashe gero da riɗi duka zuwa kasuwar Shuwarin lokacin da farashi ya faɗi. Mu fara keɓe iri. Kowace ikilisiya ta kafa rumbun taimako, yadda Yusufu ya tanadi hatsi a Masar, a ranta wa mabukaci ba da ruwa ba. Mu kuma farfaɗo da gayya, mu soma da gonar gwauruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu. Amin.