Katangar da ba a gina da bulo ba

Akwai tambayar da mukan kauce mata a majalisa bayan sallah, yau dai bari mu taɓa ta: idan faɗa ya tsaya don kowa ya tattara ya koma unguwar 'yan addininsa, zaman lafiya aka samu, ko kuwa raba masu dambe kawai aka yi?

Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan ya san wani Jos daban. Haƙar kuza ce ta tara kakanninmu a nan tun farkon ƙarnin da ya wuce, suka zauna da Birom da Anaguta da Afizere, ga Ibo ga Yarbawa. Gida ɗaya sai ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suna haya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Sai aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar wane ne mai gari ta samu kujerar da za a yi ta a kai. Aka yi na Afrilun 1994. Aka yi na Juma'a 7 ga Satumba 2001, wanda ya ci rayuka wajen dubu cikin mako guda. Na Nuwamba 2008 ya biyo bayan zaɓe, na Janairun 2010 ya biyo shi. A Kuru Karama an jefa gawarwakin Musulmi a rijiyoyi. Ba a yi wata biyu ba aka karkashe mata da yara Kiristoci a Dogo Nahawa cikin dare. Da gangan muka jera sunayen nan biyu a wuri guda, don ba kasafai ake jin su daga baki ɗaya ba.

Bayan kowace tarzoma sai kaya a ka. Wani ya sayar da gidansa a wulaƙance, wani ya yi musaya da wanda ke gudowa daga ɗaya ɓangaren. Yau ba mai keke da bai san inda Unguwar Rogo ta ƙare ba, ko inda zai fara waige-waige in ya doshi Jenta Adamu ko Unguwar Rukuba ran da gari ya ɗau zafi. Ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, amma katangar tana nan.

Akwai inda aka gina ta da bulo da ƙarfe. A 1921 aka raba tsibirin Ayilan, arewacinsa ya zauna ƙarƙashin Birtaniya. Mafi yawan mutanen can Kiristoci ne, Katolika da Furotesta, kuma yawancin Furotestan jikokin waɗanda aka kawo ne daga Ingila da Sikotilan tun wajen 1609. Kun ji fa, shekara ɗari uku da ɗoriya ba ta kashe maganar ɗan ƙasa da baƙo ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 suka yi ta kashe juna har aka rasa mutum sama da 3,500. A 1969 sojoji suka fara gitta shinge tsakanin unguwannin birnin Belfas, wai na ɗan lokaci ne. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ran 10 ga Afrilu 1998, ita ma Juma'a ce. A 2013 gwamnatinsu ta yi alkawarin rushe katangun kafin 2023. Shekarar ta zo ta wuce, katangu na tsaye, wasu ƙofofinsu har yau rufe su ake da dare, kuma yaran da ke makarantar haɗaka ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Abin lura, da yawa daga masu zama a gindin katangar su ne ke cewa a bar ta tukuna. Ba za mu ga laifinsu ba, kamar yadda ba za mu ga laifin magidancin da ya kwashe iyalinsa ya dawo Gangare ko Rikkos ba. Kare rai wajibi ne, kuma tsoron ba na banza ba ne: a Agustan 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba an kashe fiye da ashirin, kafin watan ya ƙare aka afka wa Yelwa Zangam aka kashe Kiristoci a gidajensu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To amma katanga tana da kuɗinta, kuma ba mu da muka gina ta ne za mu biya ba. Yaron da aka haifa a 2002 yanzu magidanci ne. Mu in aka ce mana "su" sun yi kaza, muna da fuskar da za mu auna maganar da ita: matar da ta riƙe mana yara ran haihuwa, abokin da muka yi firamare tare. Shi ba shi da kowa a can, sai abin da WhatsApp ya kawo masa. Haka takwaransa na ɗaya gefen yake game da mu. Wanda bai san sunan mutum ko ɗaya a wata unguwa ba, ba wuya a zuga shi ya cinna mata wuta. Ashe abin da ya tsare uba shi ne ke wasa wuƙar ɗa.

Shi ya sa a ganinmu rabuwa uzuri ce ta lalura, kamar cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe. Ana ci gwargwadon buƙata, ba a mayar da shi abincin gida.

Wa zai tsallaka? Ba za a ɗora wa gwauruwar da aka kashe mijinta ba, ba kuma za a tura yaro ba. Mu 'yan kasuwa ne ya fi kama. Dankalin da muke lodi daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas na Farin Gada, hannu nawa suke bi kafin su iso? Bashin da ke tsakanin dillali da manomi igiya ce, kuma a lokacin tashin hankali an sha ganin abokin ciniki ya ɓoye abokin cinikinsa. Babbar kasuwar Taminus ita ce ta fi kowane wuri haɗa mu. Ta ƙone a Fabrairun 2002, kuma da aka taso da maganar sake gina ta a 2022, gardamar wa zai mallaki shaguna ce ta danne zancen. Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, da ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kiristoci sama da ɗari biyu a Yunin 2018, maƙwabtan da ya sani ne suka rugo wurinsa, don sun san ƙofar.

Mutanen Ayilan ba su jira an yanke hukuncin wa ya riga wa zuwa ba. Yarjejeniyarsu ta bar wa wanda aka haifa a can zaɓi, ya zama ɗan Ayilan, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun, aka kuma raba mulki tsakanin ɓangarorin. Mu nan kwamitin Fiberesima ya zauna, na Niki Tobi ya zauna, na Bola Ajibola ma haka, amma maganar takardar indijin na nan inda take, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da bin ta ta hanyar doka. Sai dai ba kwamitin da zai je ta'aziyya a madadinmu in mahaifiyar mai kawo mana dankali ta rasu a Bokkos.